Mai Ido Da Ɗan Jagora

Akwai wata gardama da ta daɗe tana yawo tsakanin masu wasannin kwamfuta, tun daga Japan har Amurka, ga ta kuma ta iso ɗakunan kwananmu na jami'a da gidajen ƙananan ma'aikata. Gardamar kuwa a kan wasannin nan ce masu dogon labari, waɗanda mutum kan shiga rigar wani jarumi ya yi ta yawon duniya da shi, yana yaƙi, yana ciniki, yana ƙulla abota, yana yanke shawarar da za ta juya labarin. Masu yin su suna kiransu RPG. Wasu sun ce daɗin irin wannan wasa shi ne a shige shi da lalube, ba tare da an san abin da ke gaba ba. Wasu kuwa sun ce wauta ce mutum ya yi ta faɗawa rami alhali ga shafukan intanet an rubuta masa kome dalla-dalla, tun daga inda aka ɓoye takobi har amsar da zai ba sarki. Ni dai ina tare da mutanen farko, zan kuwa faɗi dalilina ba tare da na danne wa na biyun haƙƙinsu ba, domin suna da shi.

Ya kamata mu fara da sanin inda abin ya samo asali. A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wasan Dungeons & Dragons. A kan tebur ake yin sa, da takarda da fensir da ƙwayar jifa irin ta ludo. Mutum ɗaya ne ke riƙe da labarin, sauran suna faɗin abin da jarumansu za su yi, shi kuma yana gaya musu abin da ya biyo baya. Ba yadda za a yi a rubuta wa irin wannan wasa littafin jagora, domin sirrin yana cikin kan mai ba da labari, yana kuma iya sauya shi nan take. Da abin ya koma cikin kwamfuta, kamar Wizardry na 1981, sai 'yan wasa suka riƙa zana taswirar kurkukun da suke ciki da hannunsu, taki ɗaya gida ɗaya a kan takarda. Sa'an nan Japanawa suka karɓa, suka fito da Dragon Quest a 1986 da Final Fantasy a 1987.

To, a nan ne ƙofa ta buɗe. Tun da yake labarin ya daskare cikin na'ura, abin da wani ya tarar a Tokyo shi wani zai tarar a Landan, ashe ke nan ana iya rubuta shi a sayar. Kamfanin Nintendo ya fara mujallarsa ta Nintendo Power a 1988, yana kuma da layin tarho a wancan zamani inda wanda ya maƙale zai buga a fid da shi. A 1995 aka kafa shafin GameFAQs, inda 'yan wasa ke rubuta wa juna hanya kyauta. Yau kuwa ga kundayen taron dangi da ake kira wiki, ga hotunan bidiyo, har sabon wasa ba ya daɗewa a kasuwa sai an feɗe shi har wutsiya.

Abin tambaya shi ne, me mutum ya saya sa'ad da ya sayi irin wannan wasa? In labari kaɗai yake so, ai ga littattafai ga sinima. Abin da wasan shiga rigar jarumi ya fi su da shi abu ɗaya ne tak, watau a tsayar da kai a mararraba, a ce zaɓi, alhali ba ka san inda kowace hanya ta nufa ba. Wannan rashin sanin shi ne hajar da ka biya kuɗinta. Wanda ya karanta jagora kafin ya zaɓa ya zubar da hajar tun a bakin kasuwa, ya koma gida da buhu.

Bari mu ɗauki misali daga The Witcher 3, wanda wani kamfani na ƙasar Folan ya fitar a 2015, bisa littattafan Andrzej Sapkowski. Jarumin, Geralt, maharbin dodanni ne, yana neman Ciri, yarinyar da ya rena kamar 'yar cikinsa. Bayan ya same ta, wasan yakan kawo masa wasu ƙananan al'amura waɗanda ba su yi kama da jarrabawa ba ko kusa. Ranta ya ɓaci bayan wani rashi, yaya zai lallashe ta? An kira ta gaban wasu manyan matsafa mata, zai raka ta ne ko zai bar ta ta shiga ita kaɗai? Sarkin da ya haife ta ya miƙo masa zinariya ladan kawo ta, zai karɓa a gabanta ko zai ƙi? Ba ƙararrawar da ke kaɗawa ta ce masa ga wurin da ƙarshen labari ya rataya. Sai can bayan sa'o'i masu yawa mutum zai ga abin da ya shuka. Ba zan faɗi amsar da ta dace ba, don kada wannan takarda ita ma ta zama 'yar jagora. Amma ku duba abin da masu wasan suka nufa: tambayarka suke yi wane irin uba ne kai sa'ad da ba ka san ana kallonka ba. Wanda ya zaɓa da zuciyarsa, ko ya dace ko bai dace ba, ya ji wani abu game da kansa. Wanda ya kwafo daga wiki ya sami kyakkyawan ƙarshe, amma fa ƙarshen wani ne aka ara masa.

Har ila yau, mai bin jagora yakan ɗauka kuskure asara ce, alhali a wasannin da aka ƙera da kyau kuskure wata ƙofa ce ta labari. A Baldur's Gate 3, wanda wani kamfanin Beljiyam ya fitar a 2023, ana jefa maka ƙwaya mai fuska 20 a gaban idonka duk sa'ad da ka yi niyyar shawo kan wani ko buɗe wani makulli. In ta faɗi ba daidai ba, labari ba ya tsayawa, sai dai ya karkata wani wajen, wata rigima ta tashi, wani mutum ya juya maka baya. Da yawa sukan koma inda suka ajiye wasan su yi ta sake jifa har sai ta ba su abin da suke so. Masu wasan da kansu, a ƙarshen wannan shekara, suka ƙara wani tsari ga mai so, wanda a cikinsa ba komawa baya, abin da ya faru ya faru, bakin alƙalami ya bushe. Shi kuwa Toby Fox, a ɗan wasansa Undertale na 2015, dabara ya yi: in ka kashe wata baiwar Allah a farkon tafiya, ka ji nadama, ka koma baya ka ƙyale ta, sai wata halitta mai kamar fure ta tare ka ta nuna maka ta san abin da ka aikata da fari. Watau dai masu ƙera wasannin sun gane cewa zaɓin da ake iya gogewa ba shi da nauyi.

Mun saba ganin makaho da ɗan jagoransa, yaro a gaba, sanda a tsakani. Wannan lalura ce, ba wanda zai ga laifinsa. Abin mamaki shi ne a ga mai ido garau ya rufe idonsa da kansa, ya kama sanda, ana ce masa dama ya yi dama, ana ce masa tsallake ya tsallake. Zai isa garin lafiya lau, ba tuntuɓe ba ƙaya, amma in ka tambaye shi me ya gani a hanya sai ya yi shiru. Masu cewa mai wasa da lalube shi ne ke cikin duhu, su sake dubawa su ga wanene aka ja.

Yanzu sai mu saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Sun ce matambayi ba ya ɓata. Sun ce ma'aikacin da ya dawo daga ofis a gajiye, ga iyali, ga wutar lantarki da ba kullum take samuwa ba, ina ya ga lokacin da zai yi ta kewaya kogo ɗaya dare uku? Ga kuma wasannin da ke cin amanar mai lalube. Persona 5 Royal, wanda ya fito a Japan a 2019, yakan ci wa mutum sa'o'i wajen 100. Akwai wani babban kashi a ƙarshensa da ba ya buɗewa sai in ka ƙulla zumunci mai ƙarfi da wani mutum guda kafin wata rana a watan Nuwamba na cikin wasan, kuma ba a fito fili an gaya maka girman abin da za ka rasa ba. Wanda ya fi wannan muni shi ne Final Fantasy XII na 2006. Akwai wani mashi, ɗaya daga cikin makaman da suka fi ƙarfi a wasan, wanda yakan ɓace daga ma'ajiyarsa in ka buɗe ko da ɗaya daga cikin wasu akwatuna 4 da ke warwatse a hanya. Akwatunan ba su da wata alama da ta raba su da sauran, ba kuma wanda ya gargaɗe ka. Wane hankali ne zai gano wannan? Ba hankali a ciki, tarko ne kawai, shi ya sa da aka sake fitar da wasan daga baya aka cire wannan sharaɗi.

Na yarda da wannan duka. Inda mai ƙera wasa ya yi zalunci, jagora magani ne, mai shan magani kuwa ba a ce masa rago. Amma magani ba ya zama tuwo. Don akwatuna 4 sun ci amana, bai kamata mutum ya miƙa wuyansa ga sanda tun daga ƙofar gari har ƙarshen tafiya ba. Ga wanda kuwa ya ce lokacinsa kaɗan ne, sai in ce wannan ma dalili ne na kada ya ɓata ɗan abin da yake da shi wajen cika umarnin wani. Ya wuni a ofis ana ba shi takarda yana aiwatarwa, sa'an nan ya dawo gida ya ɗora daga inda ya tsaya? Gara ya yi wasa ɗaya a shekara ya san shi ya yi shi, da ya gama biyar yana kwafe.

Iyayenmu sun riga sun yanke wannan shari'a tun a dandali, cikin wasan kacici-kacici. Ba a hana mutum jin amsa, amma ba a ba shi a banza. Sai ya yi tunani, ya harba nan ya harba can, ya tabbata ya kasa, sa'an nan ya ba da gari, a karɓi garin, kana a gaya masa. Yaron da ya je ya saci amsoshin tun da rana ya zo yana zuba su da dare, shi ya kashe wasan, ya kashe wa kansa kafin kowa. Wannan ita ce ƙa'idar da nake ganin ta dace da mu: a gwada tukuna, a sake gwadawa, in abu ya faskara a ba da gari a kan wannan matsala guda, a rufe shafin, a koma hanya. A tambayi yadda ake sarrafa makami ko ma'anar wata ƙa'ida da ba a bayyana ba, wannan koyon sana'a ne. Amma kada a tambayi wanda zai mutu, ko wanda zai ci amana, ko amsar da za ta kai ga kyakkyawan ƙarshe, domin wannan shi ne labarin kansa.

Kada kuma a ɗauka lalube yana nufin kaɗaici. Hidetaka Miyazaki, wanda ya jagoranci ƙera Dark Souls na 2011, ya ba da labarin cewa yana yaro yakan karanta littattafan da suka fi ƙarfinsa, inda bai gane ba sai ya cike da tunaninsa. Haka ya gina wasanninsa, ba a tauna maka kome. Duk da haka ya bar wa 'yan wasa hanyar taimakon juna: mutum yana iya rubuta ɗan gajeren saƙo a ƙasa don na baya su gani, in kuma ka taɓa jinin da ka tarar a hanya sai a nuna maka yadda wani ya halaka a wurin. Wasu saƙonnin gaskiya ne, wasu kuwa na 'yan tsokana ne masu cewa ka yi tsalle inda ba kome sai rami. Dole ka auna da kanka. Wannan hirar matafiya ce a zango, kowa da abin da ya gani, ba wanda ya san hanyar duka. Irinta ce za ka yi da abokin ɗakinka, kai ka bi gabas shi ya bi yamma, ku haɗu da dare kuna gardama. Wiki ba ta gardama da kowa, faɗa maka kawai take yi.

Jagora yana da ranarsa, ranar kuwa ita ce tafiya ta biyu. Bayan ka gama da ƙafarka, to, buɗe kundin ka ga ƙofofin da ka wuce, ka ga abin da zai faru da ka ɗauki ɗaya hanyar. A lokacin zai ƙara maka daɗi, domin kana da abin kwatantawa. Tafiya ta biyu ana iya maimaita ta sau goma, ta farko kuwa sau ɗaya ake yin ta, in ta wuce ba kuɗin da zai fanso ta.

Wani zai ce, duk wannan dogon bayani a kan wasa? I, domin hali zanen dutse ne, kuma a wajen wasa ake fara zana shi. Mu nan mun san ɗalibin da ba ya buɗe littafi sai ya ga tambayoyin shekarun baya, mun san ma'aikacin da ba ya iya sa hannu a takarda sai ya ga yadda na gabansa ya yi. Abin da ke damunsu ɗaya ne, ba sa iya zama da rashin sani ko na sa'a guda. Ga wuri an ba mu inda za mu koyi yanke shawara cikin duhu, mu yi kuskure, mu ɗauki nauyinsa, ba tare da an rasa rai ko kwabo ba. In a nan ma sai an riƙe mana sanda, ina za mu koya? Gobe za a ɗora mu a kan kujerun da ba wanda ya rubuta musu jagora, jama'a kuma suna jiran abin da za mu ce.

Saboda haka, 'yan'uwa, in kun sami sabon wasa, ku kife wayar tukuna, ku shiga da idonku. Allah ya sa mu dace, amin.