Hali Zanen Dutse

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, akwai wata al'ada da ta samu karɓuwa a tsakaninmu, wato hawan dutse a ranakun hutu. Da an gama jarrabawa, ko an samu hutun Salla, sai ka ga ƙungiya ta yi hayar mota ta kama hanyar Karfi, ta bi ta Bunkure zuwa Rano, wasu su zarce Kibiya, wasu su karkata Rurum kusa da madatsar ruwan Tiga da aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ba mu hawa da igiya da ƙusoshi kamar yadda ake yi a Turai. Ƙafa da hannu ne kayan aikinmu. Al'adar ba laifi ba ce, domin tana ƙara lafiya, tana kuma sanar da mutum ƙasarsa. Abin da ya dame mu shi ne irin halin da muke nunawa idan mun je, musamman ga waɗanda ke ƙasa da mu.

Mu fara da junanmu. Tun daga gindin dutse samari masu ji da ƙarfi kan ruga a guje, kowa na son a ce shi ya fara kaiwa ƙololuwa. Wanda numfashi ya yanke masa, ko mai jiri, ko 'yar'uwarmu da ba ta saba ba, sai a bar su a tsakiyar hanya ana yi musu dariya daga sama. Wani kuma don kada a kira shi rago, sai ya kama gefen da ya fi ƙarfinsa, ko ya tsaya a bakin gaɓa yana ɗaukar hoto da waya. Alhali kuwa falalen dutse da damina santsi gare shi kamar an shafa masa sabulu, a cikin koguna akwai zuma da macizai, kuma sauka ta fi hawa wuya. Idan mutum ya zame ya karye a can, kafin a sauko da shi a kai shi asibiti an sha wahala. Tafiyar da aka fara tare aka ƙare ta kowa tasa ta fisshe shi, ina amfaninta?

Sai mu dubo mutanen gari. Mukan sauka daga mota kamar mun zo dajin da ba shi da mai shi. Ba ma neman mai unguwa ko dagaci mu gaishe shi. Mukan ratsa ta cikin gonar gyaɗa ko ta dawa don mu yanke hanya. Falalen da mata suka share suka shanya barkono da kuɓewa, a kansa muke shimfiɗa tabarma mu kunna kiɗa. Kwarmin dutse da ke tara ruwan sama, wanda makiyaya ke shayar da dabbobinsu a ciki, mu kuwa a nan muke wanke ƙafa da kwanuka. Mu ɗauki hoton matan aure da 'ya'yansu ba izini, mu watsa a Facebook muna raha da ƙauyancinsu. Yaron da ya nuna mana hanya, ya ɗaukar mana kaya tun hantsi har la'asar, sai mu sallame shi da ragowar abinci da 'yan canji. Idan mun tashi mu bar musu ledoji da gwangwanaye da fasassun kwalabe, da guntun taba wanda kan iya tayar da gobara da rani. A ƙarshe mu ɗauko fenti mu rubuta sunanmu da na ƙungiyarmu a jikin dutse, da manyan baƙaƙe.

Ya kamata mu tuna inda muke tsaye. Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, ita da Kano ne ake kira sarakunan baba saboda shaharar rini. Masarautarta, bisa dokar 2024, ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure. Duwatsun ƙasar Hausa su ne mafakar kakanninmu lokacin yaƙe-yaƙe, a gindinsu kuma aka kafa manyan garuruwa: Kano a Dala, tsohuwar Zazzau a Turunku da Kufena. A Birnin Kudu mutanen dā sun bar zane a jikin duwatsun Habude da Mesa, wanda gwamnati ta sa cikin kayan tarihin ƙasa. Su sun bar abin da masana ke zuwa nazari. Mu da muka yi boko, me muka bari ban da sunan ajinmu da fenti? Wanda yake shakkar inda sakaci ke kai wuri, ya tuna yadda jaridu suka sha kokawa cewa Dutsen Dala, inda Barbushe ya zauna, an mai da sassansa makewayi da maɓoyar 'yan shaye-shaye.

Wannan cuta ba a kanmu aka fara ta ba. A Dutsen Everest, mafi tsawo a duniya, shara ta yi yawa har a 2014 gwamnatin Nepal ta wajabta wa kowane mahayi ya sauko da kilo 8 na shara. A 2019 duniya ta ga hoton mahaya sun yi dogon layi kusa da ƙololuwarsa, kuma mutum 11 suka rasu a hawan wannan shekara. A ƙasar Ostireliya, mutanen Anangu sun daɗe suna roƙon baƙi su daina hawa dutsensu mai alfarma, Uluru, ana yin kunnen uwar shegu da su, har aka haramta hawan baki ɗaya a watan Oktoba na 2019. Amma akwai abin koyi. Edmund Hillary, wanda shi da Tenzing Norgay suka fara kaiwa ƙololuwar Everest a 1953, bai manta da mutanen Sherpa masu jagora da ɗaukar kaya ba. Ya koma ya gina musu makarantu da asibitoci, ya fara da makarantar Khumjung a 1961.

Wani zai ce ai muna ƙara wa miya gishiri ne, wasan yara ne, kuma masu fasa dutse don yin tsakuwa sun fi mu ɓarna nesa ba kusa ba. Gaskiya ne sun fi mu. Amma wa zai sa hannu a takardar izinin fasa dutse nan da shekara goma ko ashirin? Wa zai zama sakataren ƙaramar hukuma, da jami'in filaye, da injiniyan hanya? Mu ne. Ɗalibin da ya tattake gonar talaka bai ji komai ba, ran da ya samu kujera zai raba wannan gona da biro bai ji komai ba. Wanda ya bar abokinsa a tsakiyar dutse yana haki, haka zai bar na ƙasa da shi a ofis. Hausawa sun ce hali zanen dutse, ba mai kankare shi. Tun yanzu da zanen bai yi zurfi ba ya kamata mu gyara.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu da su kafa ƙa'ida. Kafin a hau, a je a gaida mai unguwa, a ji inda aka yarda a bi da inda aka hana, domin da ɗan gari akan ci gari. A ɗauki jagora daga cikin mutanen wurin, a yi ciniki da shi tun farko, a biya shi haƙƙinsa kamar kowane ma'aikaci. A sa mafi ƙarfi a ƙarshen sahu, kada kowa ya wuce mai rauni. Kada a hau idan hadari ya haɗu. Kada a ɗauki hoton kowa sai ya yarda. Kada a shigar da fenti mota. Duk abin da aka hau da shi a sauko da shi, har da sharar da waɗansu suka bari. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar kuɗin gwamnati.

Ilimin da muke tinƙaho da shi, da harajin waɗannan manoma aka gina makarantun da muka same shi. Mafi ƙarancin abin da za mu saka musu da shi shi ne su ga motarmu ta tsaya su yi murna. Allah ya ba mu ikon gyarawa, amin.