Yarjejeniya da Ƙasashe 70 Ɗin Nan: Raddi ga Masu Kafa Hujja da Birtaniya

Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka yi sallama da ECOWAS, wata magana ta kama bakin masu sharhi, kuma kwanan nan na ji ta daga wani malami da nake ganin girmansa. Cewa ya yi ƙasar da ta fice daga ƙungiya ta tsinke igiya, sai ta shiga kasuwar duniya ta zaɓi abokin ciniki son ranta. Hujjarsa Birtaniya: ta bar Tarayyar Turai, ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da ƙasashe wajen 70, Turai ta lallashe ta, Amurka da Indiya suna jiran layi. Wato kai dai fita kawai, duniya za ta shimfiɗa maka tabarma. Zan bi maganar daki-daki, ba don kare ECOWAS ba, sai don an ɗauko misali an sa shi baibai.

Mu fara da 70 ɗin, domin a kansa aka ɗora ginin duka. Adadin gaskiya ne, ba na musu. Abin da malam ya tsallake shi ne kusan dukkansu tsofaffin yarjejeniyoyi ne da Tarayyar Turai ta ƙulla tun da, Birtaniya tana cin moriyarsu a matsayin mamba. Ta fita ranar 31 ga Janairun 2020, aka ba ta wa'adin wucin gadi zuwa ƙarshen Disamba, kuma da wa'adin ya cika duk za su suɓuce mata. Shi ya sa jami'anta suka bi ƙasashe irin su Suwizalan da Koriya ta Kudu da Maroko da Kenya suna neman a kwafi tsohuwar takarda, a cire sunan Turai a sa nata. Kamar mutum ne ya tashi daga gidan gandu, ya bi masu shaguna ɗaya-ɗaya yana roƙon a ci gaba da ba shi bashi yadda ake ba gidan, sannan ya dawo majalisa yana bugun ƙirji wai ya yi sababbin abokai 70. Haba malam!

Ko kwafin ma bai tafi sumul ba. Ta Ghana ba a kammala ba kafin wa'adi, don haka a Janairun 2021 ayabar Ghana ta isa tashar jirgin ruwa a Ingila aka caje ta kuɗin fito, abin da ba a yi mata a da. Sai a watan Maris aka sa hannu. Ta Japan da Liz Truss, ministar ciniki ta lokacin, ta rattaba wa hannu a Oktoban 2020, aka cika gari da kiɗa, mafi yawanta daga wadda Turai ta riga ta yi da Japan aka ciro.

Na farko da aka fara daga tushe su ne na Ostireliya da Niyu Zilan, da suka fara aiki a ƙarshen Mayun 2023. To me suka kawo? Lissafin gwamnatin Birtaniya da kanta, ba na 'yan adawa ba, ya ce ta Ostireliya za ta ƙara wa tattalin arziki kashi 0.08 cikin ɗari nan da 2035, ta Niyu Zilan kashi 0.03. George Eustice, wanda ke riƙe da ma'aikatar noma da muhalli lokacin cinikin, kuma ɗan goyon bayan fita ne, ya miƙe a majalisa a Nuwamban 2022 ya ce an bayar da yawa an karɓi kaɗan. Dalili a bayyane yake: gwamnati ta matsu ta nuna wa jama'a wani abu, kuma mai sayarwa ya ga matsuwar a fuskarta. A ɗaya gefen, ofishin OBR mai sa ido kan kasafin ƙasar ya ƙiyasta cewa fitar za ta rage ƙarfin samar da arziki da kusan kashi 4 cikin ɗari a tsawon lokaci. Malam ya ɗora 0.08 a tafin sikeli ɗaya, 4 a ɗayan, ya faɗa mana inda ya rinjaya.

Na biyu, wai Turai ta lallashe ta. Haka Liam Fox, ministan ciniki, ya yi zato a 2017, har ya ce wannan ciniki zai kasance cikin mafi sauƙi a tarihi. An yi ƙuri'ar raba gardama a Yunin 2016, ba a daidaita ba sai 24 ga Disamban 2020, saura mako guda wa'adi ya cika, bayan batun ya ci kujerar firaministoci biyu, David Cameron da Theresa May. An samu ciniki ba kuɗin fito, gaskiya ne, amma da sharaɗin tabbatar da asalin kaya, ga takardun kwastan, ga shaidar likitan dabbobi a kan nama da madara. Harkar bankuna, wadda ita ce ƙarfin Landan, abin da ta samu bai taka kara ya karya ba. Rikicin iyakar Ailan ta Arewa ya ja har 2023. A Mayun 2025 kuma Birtaniya ta amince jiragen kamun kifin Turai su ci gaba da shiga ruwanta har 2038, kifin da aka yi ta kamfe a kansa. Sama da kashi 40 cikin ɗari na abin da take sayarwa waje Turai yake tafiya. Wa ke lallashin wa?

Na uku, Amurka. Obama ya faɗa musu tun 2016 cewa bayan layi za su koma. Abin da aka samu daga Trump a 2025 rangwame ne a kan motoci da wasu 'yan kaya, aka bar harajin kashi 10 daram. Kanada kuwa an dakatar da tattaunawa da ita a Janairun 2024 a kan naman shanu da cuku. Ta Indiya, da firaminista Boris Johnson ya yi alkawarin gamawa a 2022, sai 2025. Wannan na ba malam ita, riba ce, amma kusan kashi 0.1 ce.

Batun wai ƙasar da ta fita ta fi saurin ƙulla ciniki kuwa, ba sai na daɗe a kai ba. Ƙasar da ta shiga ƙungiya a 1973 ta manta yadda ake wannan ciniki, har sai da ta ɗauko Crawford Falconer daga Niyu Zilan ya jagoranci aikin.

Wannan fa Birtaniya ce, tsibiri mai tashoshin ruwanta da kuɗinta na fam. Nijar ba ta da teku, kuma shanunta da albasar Galmi maƙwabta ne kasuwarsu. Kayan da ke ƙetara Jibiya da Illela bisa tsohon tsari suna yin haka ne saboda ECOWAS ta ce a ci gaba har zuwa wani lokaci, ba don an ƙulla sabon abu ba. Wanda ke ganin fitar ta dace saboda 'yanci ko tsaro, ya kawo wannan hujja mu yi muhawara. Amma don Allah malam, a daina jawo mana Birtaniya shaida, domin shaidarta a kanka take.