Ra'ayinmu: Sassaƙa Ba Ta Cika Sai da Fata

Ɗalibai da dama sun duƙufa wajen koyon sassaƙa a kwamfuta, muna kuma yi musu barka. Sai dai mun lura, da zarar sun fitar da siffar mutum ko ta tulu, sai su ɗauka aiki ya ƙare. Alhali kuwa siffar tsirara take, sai an yi mata fata.

Aikin fatar hawa-hawa ne. Da farko a tsaga jikin siffar a shimfiɗe shi, kamar yadda ake shanya ƙirgi. In tsagar ta karkace, zanen ya jirkice. Sa'an nan a shafa launi, a bambanta inda ke da kaushi da inda ke sheƙi, a fitar da tabo da gurzuwa.

Kayan aiki ba su gagara ba. Manhajar Blender kyauta ce, kuma da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci lambar Oscar a 2025. Abin da ke damunmu shi ne kwasar fatun da wasu suka shirya a intanet, har a ga soron Kano sanye da bulon Turai. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa su fita su ƙura wa bangon makuba ido, da baƙin gindin tukunya, da sheƙin shuniyar Ƙofar Mata. Su ɗauki hotunansu, su tara taskar kansu. Wanda bai iya kallo ba, na'ura ba za ta koya masa ba.