Amon tulun Kwali da lafiyar ƙwaƙwalwa

Duk ma'aikacin da ya bar Abuja ya nufi Lokoja sai ya ratsa Yangoji, a ƙaramar hukumar Kwali. Da wuya ya tsaya, alhali hoton 'yar wannan yanki yana cikin aljihunsa: a bayan takardar naira ashirin, Ladi Kwali ce take ginin tulu.

An haife ta a Kwali wajen 1925, ta koyi ginin tukwane irin na Gbagyi tun tana ƙarama, da hannu zalla, ana zana kunama da kada da hawainiya a jikin tulu. A 1954 ta zama mace ta farko da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984.

Maginiya da kunne take aiki kamar yadda take yi da hannu. In an kwashe tukwane daga wuta, ƙwanƙwasa su ake yi ɗaya bayan ɗaya: lafiyayye amonsa garau, mai tsaga kuwa a dakushe yake amsawa, ko da ido bai ga tsagar ba. A ofisoshin tarayya babu mai irin wannan sauraro. Ma'aikacin da ke fitowa daga Gwagwalada ko Mararaba tun asuba, ga kuɗin haya, ga kuɗin mota, yakan shekara da ciwon damuwa bai gaya wa kowa ba, don gudun a ce ya taɓu.

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, mai kallon majinyaci a matsayin wanda za a kulle kawai. Sai dai likitocin wannan fanni 'yan ɗaruruwa ne a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. Asibiti kaɗai ba zai ɗauki wannan kaya ba.

Nijeriya ta taɓa gano haka. A shekarar da Ladi ta shiga cibiyar Cardew, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara zaunar da majinyatan asibitin Aro, kusa da Abeokuta, a ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da ɗan'uwansa, suna karɓar magani ba tare da an raba su da jama'a ba. A 2019 kuma ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da rahoton da ya nuna ayyukan fasaha na taimakawa wajen rigakafi da jinya.

Wani zai ce yumɓu ba magani ba ne. Gaskiya ne, wanda ciwonsa ya yi tsanani likita yake buƙata. Amma ginin tukwane ba ya son gaggawa, yana raba hannu da waya, kuma a cikin mutane ake yin sa. Wanda ya ƙi zuwa asibitin ƙwaƙwalwa don kunya ba zai ji nauyin zuwa koyon sana'a ba, a can kuwa ma'aikacin lafiya zai iya lura da shi, ya tura shi gaba da wuri.

Abin da ake buƙata ba shi da yawa: rumfa kusa da ƙaramin asibiti a Yangoji, maginan Kwali da za a biya su koyar, da ma'aikacin jinya da aka horar. Masu rubuta kasafin Ma'aikatar Lafiya da na Hukumar Birnin Tarayya su ne za su iya sa wannan a takarda. An sa sunan Ladi Kwali a titi a Abuja, an sa hotonta a kuɗi. Saura a sa sana'arta ta yi wa masu rai aiki.