Gardamar 504 da Toyota: wa ke gyara motar idan ta mace a Tanut?

Duk wanda ya taɓa zama a fadar direbobi, a Maraɗi ko a Damagaram, ya san akwai gardamar da ba ta ƙarewa ko an sha shayi na uku: tsakanin Peugeot 504 da Toyota, wace ce mota? Dattawan tasha suna rantsuwa cewa tun da aka daina ƙera 504 ba a sake yin mota ba, sai dai gwangwani mai taya huɗu. Samari kuwa su yi dariya, su ce Fijo ta ci zamaninta, kada ta ci na wasu.

Dattawan suna da hujja. A 1968 aka fito da 504 a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, amma a hanyoyin Afirka ta yi suna. Cikinta ya yi nesa da ƙasa, ƙafafunta suna haɗiye gargada, tayoyin baya ne ke tura ta, sandar da ke kai musu ƙarfin inji kuma tana cikin bututu mai kauri, ba ta tsoron dutse. Doguwar, mai layin kujeru uku, ita ta riƙe tashoshi daga Yamai zuwa Ƙonni, daga Ƙonni zuwa Tawa. Bashe kuwa ta ɗauki albasa da gero da awaki har da masu awakin. Faransawa sun tsayar da ƙera ta a gida a 1983, amma masana'antar Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Akwai lokacin da a jirgin sama ake kwaso sassanta daga Liyon zuwa Kano.

Masoyan Toyota ma ba su rasa abin faɗa ba. Hilux tsarar 504 ce, ita ma a 1968 aka haife ta, kuma ba ta tsufa ba. A 1987 sojojin Cadi suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum bisa bayan ƴan Toyota, har sunan motar ya zama sunan yaƙin. A hanyar Agadas babu mai musun Land Cruiser. Hiace ta kori doguwar 504 daga tashoshi, ƙananan Toyota suka cika layin taksi a Yamai.

Sai dai ɓangarorin biyu suna gardama a kan ƙarfe, alhali abin da ya raya 504 shekara talatin a ƙasar nan bai tsaya ga ƙarfe ba. Motar tana lalacewa kamar kowace mota. Tsatsa tana cin ta, tana zafi a watan Afrilu, ƙofofinta da igiya ake ɗaure wasu. Bambancin shi ne ba ta da asiri. Injinta na karbireta ne, makanike yana sauraron kukansa ya faɗi ciwon. Yaron da ya yi shekara biyar yana miƙa sifana ƙarƙashin bedi zai iya kwance shi ya mayar. Kayan gyara kuma suna maƙwabta: abin da aka rasa a Maraɗi da safe, ana samo shi daga Katsina ko Kano kafin magariba. Mota mai ƙarko a wannan ƙasa ita ce wadda, idan ta mace tsakanin Damagaram da Tanut, za a sami mai tashe ta a ƙauye na gaba. Land Cruiser ƙirar 70, wadda aka fara tun 1984, ta yi farin jini a daji saboda wannan dalilin dai: injinta bai fi ƙarfin makaniken karkara ba.

Karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994 ta ninka kuɗin duk abin da ke zuwa daga Faransa a dare ɗaya. Sabuwar mota ta zama ta gwamnati da ƙungiyoyin agaji da ƴan tsirarun attajirai. Malamin makaranta da ɗan kasuwa suka koma ga kwancen Turai da ake saukewa a tashoshin ruwan Kwatano da Lome. Da farko cinikin ya yi daɗi, domin kwancen wancan lokaci ƴan uwan 504 ne a sauƙin ciki. Na baya-bayan nan kuwa kwamfuta ce ke ba injinsu umarni. Man kwalba na bakin hanya yana toshe masu fesa mai, ƙurar hunturu tana rikita ƙananan na'urorin da ke auna iska, fitila ta kunnu a gaban direba, mota ta ƙi tafiya, babu abin da kunne zai ji. Sai an kawo na'urar bincike, wadda makanikai ke kira baliz, da wanda ya iya karanta ta. A manyan birane ana samunsu. A ƙananan garuruwa kuwa sau da yawa maganin shi ne a yanke waya, a cire abin da ba a gane ba, a sallami mai mota da addu'a.

Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙidaya kwancen ƙananan motoci miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin ɗari zuwa Afirka. Binciken da aka yi a Holand ya nuna yawancin waɗanda ke barin can zuwa wannan nahiya sun kai shekara 16 zuwa 20, kuma ba su da takardar shaidar lafiya. Ke nan talaka yana sayen mota a daidai shekarun da wayoyinta ke fara ruɓewa, ba tare da littafinta ba, ba tare da wanda ya san ta ba.

Kada begen dattawa ya ruɗi kowa. Ita 504 ɗin ba ta da jakar iska, ɗamarar kujera kuma ado ce; wadda aka yi don mutum bakwai ko takwas an sha cusa mata fiye da goma, kuma iyalai da yawa a kan hanyar Doso da Dogon Dutsi sun san abin da hakan ya jawo. Motar zamani ta fi kare ran wanda ke ciki, ta fi tsimin mai. Babu mai hankalin da zai nemi a koma 1975.

Abin da ya kamata a nema yana hannun hukuma. A 2020 ƙasashen CEDEAO sun amince da ƙa'idar hayaƙi da iyakar shekaru biyar ga ƙananan motocin da ake shigowa da su. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka tsara doka ya rage nata. Iyakar shekara biyar za ta mayar da mota kayan masu hali kaɗai. Ya fi dacewa a tilasta binciken lafiya na gaskiya kafin mota ta wuce duwan, a kuma ware wani kaso na kuɗin da duwan ke karɓa a kan kowace mota don koyar da lantarkin mota. Ba sai an gina sabbin makarantu ba: masu garaj da yaransu suna nan, sun iya inji, abin da ya rage musu darasin dare ne na ƴan watanni da baliz ɗaya a kowace ƙungiyar makanikai, daga Tasawa har Ɗakoro.