Gidan Sulluɓawa a Sarautar Zazzau: Bai Kamata a Tsallake Shi Ba

Duk malamin da aka tura koyarwa Hunkuyi ko Makarfi ko Ikara, zai tarar yara sun haddace cewa gidajen sarautar Zazzau huɗu ne: Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Sai dai idan aka zo bayani, ukun farko ake tsayawa a kansu, na huɗun kuwa a ambace shi a wuce. A ganina wannan kuskure ne, domin a gidan nan ne ɗalibi zai fi gane yadda sarauta take zama a hannun zuriya.

Bayan jihadi, Malam Musa Bamalli ya yi sarauta har 1821, sannan Yamusa na Barebari har 1834, sai Abdulkarim na Katsinawa har 1846. Sulluɓawa ba su samu ba sai a tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da Sakkwato ta tuɓe Sidi Abdulƙadir, ɗan Malam Musa, ta naɗa Abdussalami. Shekarunsa kaɗan ne a kan gado, kuma tun daga kansa babu Basulluɓen da ya sake hawa.

Me ya jawo haka? A wancan zamani sabon sarki yakan naɗa 'ya'yansa da barorinsa manyan sarautu, su riƙe garuruwa, su tara dukiya da jama'a. Da wannan ƙarfi ne gida yake neman gado idan an yi rasuwa. Wanda bai daɗe ba, bai bar wa 'ya'yansa abin tsayawa takara ba. A dubi Mallawa: Turawa sun tuɓe Aliyu ɗan Sidi a 1920, gidan ya yi shekara 100 yana jira, amma yana riƙe da sarautu irin su Magajin Gari, wadda daga ita Ahmed Nuhu Bamalli ya zama sarki a 2020.

Akwai gidan da za a iya kwatanta wa ɗalibai daga ƙasar Afganistan, wato Hotak. Mirwais ya ƙwace Kandahar a 1709, ɗansa Mahmud ya ci Isfahan ta Farisa a 1722, 'yan gida suka yi ta kashe juna a kan mulki, sannan Nadir Shah ya rufe babinsu a 1738. Can takobi ne ya kawo su, shi ya kau da su. A Zazzau kuwa a wancan zamani zaɓe ake yi, Sakkwato ta tabbatar, shi ya sa gidan da ya rasa gado bai fita daga lissafi ba.

Saboda haka maimakon haddar sunaye, malami ya sa yara su zana jerin sarakunan, kowa da gidansa da shekarunsa, su ƙidaya da kansu sau nawa kowane gida ya hau.