Gawo, Burtsatse Da Harimin Rijiya

 

Duk wanda ya tashi a karkara ya san halin gawo. Da damina yakan zubar da ganye, da rani kuwa, lokacin da ko'ina ya bushe, sai ya yi kore shar. Sirrin yana ƙarƙashin ƙasa, domin saiwarsa takan nutsa har ta cim ma ruwan da Allah Ya ajiye a can. Haka fadamu da idanun ruwa da dabinon Bilma a hamadar Nijar, duk da wannan ɓoyayyen ruwa suke rayuwa.

Ta yaya masana suka gano haka? Sukan tatsi ruwan da ke jikin itace, su auna shi a ɗakin bincike, su kwatanta da ruwan sama da na rijiya, sai su san daga inda yake sha. Sukan haƙa ƙananan rijiyoyin awo su bi hawa da saukar ruwa shekara da shekaru. Sukan kuma duba hotunan tauraron ɗan Adam a ƙarshen rani, inda ya zauna kore bayan watanni babu ruwan sama, to akwai abin da ke ciyar da shi daga ƙasa. Tagwayen taurarin GRACE ma, daga 2002 zuwa 2017, sun riƙa auna raguwa da ƙaruwar ruwan yanki guda daga sama. Subhanallah!

Abin da ke damuna shi ne yadda muke haƙa burtsatse. Shayar da ruwa sadaka ce babba, ban musa ba. Amma idan injinan unguwa suna zuƙa dare da rana, ruwan yakan yi ƙasa, rijiyar talaka mai guga ita ce ke fara ƙafewa, bayanta itatuwa, su kuwa ba su da bakin kai ƙara. Malamanmu na Malikiyya sun yi magana kan harimin rijiya, wato tazarar da za a bari don kada a cutar da ruwanta. Muna karanta babin a makaranta, amma mun bar shi a littafi. Ayar ƙarshe ta Suratul Mulk ma tambayarta a kan ƙafewar ruwa take.

A ganina, kwamitin masallacin da zai haƙa burtsatse ya fara neman masanin ruwan ƙasa, ya kuma tambayi masu rijiyoyin da ke kusa ko gaba nawa igiyarsu take bana, nawa take bara.